Shekarar da Na Kife Binnen Baba

'Yan'uwanku na Tamawa sun gaya muku cewa Baba ya kore ni daga gida saboda tarakta. Na san sun gaya muku, don ina ganin irin kallon da kuke yi mini duk ranar da kuka dawo daga can. Ba da gangan suka yi ƙarya ba, abin da suka tarar ana faɗa ne. Amma ba haka aka yi ba. Cikin waɗanda suka ga abin da idonsu ni kaɗai na rage, shi ya sa na ce a rubuta. Ban yi boko ba, ban kuma iya doguwar magana ba. Abin da ya faru zan faɗa, ku yi yadda kuka ga dama da shi.

Mu biyu ne maza a gidan, Yaya Lawal da ni. Gandu ɗaya muke nomawa tare da Baba daga safe zuwa azahar, da la'asar kowa ya tafi gayaunarsa, 'yar gonar da Baba ya yanka masa don ya samu na kashewa. Haka na tashi, haka na yi aure. Cin rani ya kai ni Dutsin-Ma, saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Na samu aikin lebura a harabar ma'aikatan gona, ina kwashe taki ina ba shanu ruwa. A bayan rumfar shanun na fara ganin taraktar. Ƙarama ce, launin toka, ko tsayin raƙumi ba ta kai ba. Tun ranar da aka kawo ta tsohuwa ce. An ce daga wani babban aikin noma da ya mutu a kudu aka kwaso ta, ita da wasu biyu. Biyun ba su taɓa tashi ba, su muka riƙa cire wa kaya. Mutane tantan suke ce mata saboda ƙararta. Batirinta ya daɗe da mutuwa, da hannu ake wana ta daga gaba. Da fetur take tashi, in ta yi zafi a juya famfo ta koma shan kananzir. In ka kashe ta tana kan kananzir ba ka mayar da ita fetur ba, to ba za ta sake kula ka ba sai ka sha wuya.

Mai tuƙa ta Saje Audu ne, tsohon soja, a yaƙin Turawa ya koyi tuƙi, kunnensa ɗaya ba ya ji. Ya lura duk ranar da na gama da shanu ina tsaye a gefenta.

"Kai, ɗan Tamawa," ya ce da ni, "kullum kana kallonta, aurenta za ka yi?"

Na ce, "In an ba ni."

Ya yi dariya har da tari, ya miƙo mini ƙarfen wani, wanda ake wana ta da shi. "To ga sadaki. Kada ka naɗe babban yatsanka a kai, in ta yi harbi ta karya maka hannu."

Ran nan ta tashi a wani na huɗu. Ban koma gida noma ba a damina mai zuwa, na aika aka kawo mini uwarku, muka kama ɗaki a cikin gari. Baba bai hana ba, bai kuma sa albarka ba. Saje ya koya mini duk abin da ya sani, sauran ita ta koya mini. Na san tarin da take yi in fulogi ya yi datti, na san wanda take yi in ruwa ya shiga mai. Ina ɗora bakin sifana a jikin injin in kanga kunne a ɗaya bakin, in gaya maka abin da ke damunta. In lagireto, tankin ruwan injin, ya tsiyaye, garin taba nake zuba masa. In tankin mai ya huje, sabulu. Na hau injuna da yawa bayan nan, manya, masu shan gas, masu rumfa da kujerar katifa. Suna da ƙarfi, ba na musu. Amma in suka lalace sai ka jira wani ya zo daga birni. Ita kuwa duk abin da ke jikinta hannun mutum yana kai wa. Ita ce dai wannan da ke bayan gida. Da aka yi gwanjon mushen injuna bayan shekaru na saye ta, kuma kun gani da idonku har bana ta yi kaftu. Dokar Saje guda ce, kullum sai ya maimaita ta.

"Direban banza shi ke barin kusurwa. In ka gama tsakiyar gona, ka ja baya ka cinye kusurwoyi huɗu, kada mai gona ya zo da fartanya yana zaginka."

Yanzu sai in faɗi na gero, don in ba ku san shi ba ba za ku gane sauran ba. Akwai wani iri a gidanmu da muke ce wa ɗan-gida. Gajere ne, zangarniyarsa tana da gargasa, tsuntsu ba ya son sa, kuma yana riga duk geron ƙasarmu nuna da kwana goma ko fiye. Wanda bai taɓa yin watan yunwa ba, lokacin da rumbu ya ƙare sabo bai iso ba, ba zai san abin da kwana goma ke nufi ba. Kakanmu ne ya taho da shi daga arewa a shekarar babbar yunwa, a ɗaure cikin salka, ya binne 'ya'ya biyu a hanya bai kwance salkar ba. Baba ya gaje shi. Kowace kaka da kansa yake zaɓen zangarniya mafi kyau, ya ɗaure damin iri ya rataye a ƙoƙon rumbu. Ba ya ba kowa irin nan a wajen gida, ko suruki. Mutane suna cewa rowa ce. Wataƙila rowar ce. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, duk ƙasar Kurfi babu ɗan-gida sai a rumbunmu.

Da na zo gaisuwar Salla a shekara ta uku, na ce da Baba ya bari in kawo tarakta in juya masa gandu, aikin mako biyu ta yi shi kafin azahar. Ya ce ƙasarsa ba ta saba da ƙarfe mai nauyi ba. Na ɗauka tsoron abin da bai sani ba ne, in ya gani da ido zai sauko. Daga nan ban sake zuwa gida ba har bazara. Shi ya sa ban san kakar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Ban san rumbu ya yi ƙasa tun da sauran rani ba, har sai da Inna ta daka rabin damin iri aka ci. Ban kuma san Baba ya yi binne ba. Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, ya kwanta yana jira, ruwan farko na taɓa shi ya tsiro. Ana samun kwanaki da shi, amma in aka yi yayyafi aka ɗauke, iri ya ruɓe. Tun tasowata Baba caca yake kiran binne, bai taɓa yi ba. A shekarar nan yunwa ta sa ya yi, kuma da yake irin ya yi kaɗan, duk abin da ya rage ya zuba a ƙasa, bai ajiye ko tafi ɗaya ba.

An tura mu, ni da Saje, mu yi wa wani Alhaji mai fataucin hatsi kaftu a kusa da Kurfi. Muka gama ran Alhamis, ba mai nemanmu sai Asabar. Na roƙi Saje ya ba ni ita kwana ɗaya, mai kuwa na riga na saya da kuɗina. Ya ce in je, shi zai yi Juma'a a Kurfi. Bayan sallar asuba na kama hanyar Tamawa. Ban shiga gida ba, so nake su fito su tarar da aiki an gama. Ashe ma ba kowa a gidan, duk sun tafi Ɗantutture sunan ɗan ƙanwata. Na tarar da gandu an yi masa shara tas, an ƙone kara, ga itatuwan gawo uku a tsaye a tsakiya. An yi kwana biyu ana iska, ta shafe sawun sungumi da na diddige. Duk da haka da a ƙasa nake da ƙafata da na gani, don inda aka yi shuka ba ya ɓuya ga manomi. Amma ban sauka ba. Mutum in yana kan kujerar tarakta ƙarshen gona yake kallo, ba ya duban ƙarƙashinsa. Na sauke garma mai faifai biyu, na sa giya.

Zan faɗi gaskiya, ban taɓa yin kaftu mai kyau kamar na ran nan ba, kafin nan ko bayan nan. Jigawa ce, ba kututture, ba dutse. Injin yana tafiya da murya ɗaya, ƙasa tana kifewa a bayana kamar ana ninke zane. In na kai ƙarshe na waiwaya, layi ya miƙe sambal. Har waƙa na yi. Kurciyoyi suka sauko da yawa suna bin bayana suna tsince-tsince. Na ce a raina tsutsa suke ci. Wace tsutsa a busasshiyar ƙasar bazara? Ban tambayi kaina ba. Rana ba ta kai tsaka ba na gama tsakiya, na kewaye gawo uku na bar musu gindinsu, na ja baya na cinye kusurwa ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Na juya zan nufi ta huɗu, ta gabas, sai na hango mutum cikin babbar riga yana tahowa ta cikin kaftun, yana nutsewa yana cirewa. Wata Bafilatana mai tallan nono ce ta gamu da su a hanya, ta ce ta ga tantan a gonar Malam Isa, wato Baba. Baba ya ɗaga hannu. Na zaci gaisuwa ce, ni ma na ɗaga ina murmushi. Bai kauce ba har ya zo gaban injin ya tsaya. Na taka kuloci.

"Kashe ta."

Na kashe. Wurin ya yi tsit.

"Sannu da zuwa, Baba. Na ce bari in rage maku aiki."

Ya tsuguna da rigar sunan a jikinsa, ya naɗe hannu ya fara tona ƙasa. Sai ga Yaya Lawal ya iso a guje.

"Sani! Hauka kake? Ba ka ga binne ba?"

"Wane binne? Baba ba ya binne."

"Bana ya yi! Yau kwana biyar. Ɗan-gida ne, duk abin da ya rage shi ne cikin ƙasan nan."

"Duka?"

"Duka. Da ka leƙo gida ko sau ɗaya tun kaka, da ka san mi ke cikin rumbu."

Baba ya daɗe yana tono. Ya miƙe da ƙwaya biyu a tafin hannunsa, ya dube su, sannan ya dube ni.

"Ina zurfin shigarta?"

Na gwada masa da hannu, taƙi ɗaya da yatsu uku.

"Gero ba ya fitowa daga nan," in ji shi.

"Ba ya fitowa."

"Ina ne ba ta taka ba?"

Na nuna masa gindin gawo uku da kusurwar gabas. Sai bakina ya ce, "Dama yanzu zan je in ƙarasa ta." Yaya ya ɗaga hannu zai mare ni. Baba ba ya kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Kai wannan, bari," ya ce da shi. Ya juyo gare ni. "Fitar da ita. Ka bi ta inda ka ɓata."

Na kashe ta tana kan kananzir. Na wana, na wana, ta ƙi. Sai da na kwance kafireto na zubar da abin da ke ciki, na goge fulogi huɗu ɗaya bayan ɗaya. Mutanen gari suka taru a bakin gona, ba wanda ya kama mini. Baba ya je kusurwar gabas ya zauna a ƙasa, tsakaninta da tarakta, kamar mai gadi. Ana kiran sallar Juma'a ta tashi. Na bi ta cikin kaftun na fita. Da na isa Kurfi Saje ya tambaye ni ko na cinye kusurwoyi. Na ce saura ɗaya, na gaya masa dalili. Ya sa na maimaita a kunnensa mai ji.

"Ni ban taɓa shuka ko ƙwaya ɗaya ba, ɗan Tamawa," ya ce. "Kai ne manomin."

Ruwa ya sauka bayan kwana shida, mai kyau. A makon nan ne taraktar ta harbi Saje. Shi da ya koya mini riƙon ƙarfen wani, shi ya manta da yatsansa, wuyan hannunsa ya karye, aka kai shi wajen maɗori. Na zama ni kaɗai ne mai tuƙi, ga masu gonaki suna zuwa kullum suna jiran layi. Malamin gona, shugabanmu a haraba, ya kira ni ya ce ya gaji da tsohuwar nan. In ta tsaya a daminar nan, ko don lalacewa ko don rashin direba, zai sa a tura ta kusa da 'yan'uwanta biyu, ya rubuta Katsina a aiko da sabuwa da direbanta. Ba mugun mutum ba ne, aikinsa yake yi.

Kamar mako biyu bayan ruwan, ina kwance a ƙarƙashinta ina sa giris, na ga tayar keke ta tsaya. Yaya ne, ya aro keken wani. Ya rame. Na fito muka gaisa a tsaye. Na ce ya zo mu je gida ya sha ruwa, ya ce a'a.

"Kusurwar ta fito," ya ce. "Da gindin gawo. Sauran ko ɗaya."

"Alhamdu lillahi."

"Baba ya hana a yi cira a yar. Dashe za a yi."

Kun san a rami ɗaya tsiro goma ko fiye ke fitowa, a cire a bar uku ko huɗu, sauran a zubar. Baba ya ce ba za a zubar da ko ɗaya ba, za a ciro su da saiwarsu a dasa a cikin kaftun. Dashen gero kuwa ba ya kamawa sai ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi gari ya lumshe, kuma a ranar ko washegari za a gama, in rana ta buɗe ya ƙone. Aiki ne na hannu da yawa. Baba ba zai kira gayya ba, don ba ya son tsiron ya shiga hannun wani.

"Ya ce in gaya maka, ranar da aka yi babban ruwa za a yi."

"Ya ce in zo?"

"Bai ce ka zo ba. Ya ce in gaya maka."

Ya hau kekensa ya tafi. Ran Laraba aka wayi gari da ruwa, irin wanda ba iska ba tsawa, yana zuba kawai. Duk wanda ya tashi a gona ya san ranar dashe in ya gan ta. Na je haraba na tsaya a ƙarƙashin rumfa kusa da ita. Saje ya zo da hannunsa a ɗaure a wuya, yana tura kekensa da ɗayan.

"Ga keke," ya ce. "In ka taka sosai ka isa kafin azahar."

"Malamin gona fa? Gobe mutum uku ke jira."

"Ni zan san abin da zan gaya mashi. Wataƙila ya haƙura, wataƙila ba zai haƙura ba. Ƙarfe ne, ɗan Tamawa. Wancan ubanka ne."

Na karɓi keken. Na tura shi har bakin ƙofar haraba, na tsaya ruwa yana dukana. Sannan na juyo na jingine shi a inda na ɗauka, na ɗauko tsumma na rufe mata magineto, akwatin da ke ba ta wuta, kada ruwa ya shiga. Ba wanda ya tilasta ni. Dalili biyu ne. Na ɗaya, ban san da wane ido zan dubi Baba ba. Na biyu, ban iya jure a tura ta cikin mushe ana cire mata kaya ba. Na yi shekaru ina gaya wa kaina na farkon ne ya hana ni tafiya. Na biyun ne. Saje ya dube ni, ya ɗauki kekensa, bai sake ɗaga maganar ba har ya bar duniya. Washegari da ƙasa ta tsane na fita, na yi wa mutum uku kaftu, kuma daminar nan ba ta tsaya ko yini ɗaya ba.

Abin da ya faru a Tamawa daga bakin Inna na ji daga baya. Su huɗu suka yi dashen, Baba da Yaya da matar Yaya da ita Innar, yini biyu a sunkuye cikin ruwa. Ba su gama ba, rana ta buɗe a na uku, abin da aka ciro ba a dasa ba ya mutu. Ta ce da akwai hannu na biyar da an gama. Haka ta faɗa, ba da faɗa ba. A nan Baba ya samu tarin da bai rabu da shi ba har rasuwarsa bayan shekara shida. Sauran kaftun Yaya ya shuka gyaɗa da 'yar dawar da ya samo, kuma gyaɗar ta yi yadda ba a taɓa gani ba a gonar nan. Wannan ma gaskiya ce, ko da yake ba wanda ya taɓa ambatonta a gaban Baba. Amma gyaɗa sai kaka, yunwa kuwa a tsakiyar damina take. Ɗan-gida ya nuna a kan lokacinsa, Baba ya ce ba mai taɓa ko zangarniya ɗaya, duk iri ne. Ya kafa bukka a gona ya tare a can yana tsaro. 'Ya'yan Yaya suna kallon nunannen gero suna cin tafasa da rama. Na aika da buhun dawa a kan jaki. Baba ya ce a bar shi a zaure. Ya kwana uku a can, sannan Inna ta fara ɗiba da ƙwarya tana dakawa. Ana kai masa tuwon a gona yana ci, bai taɓa tambayar inda aka samo ba. Ba wanda ya mutu a gidan a shekarar nan. Matar Yaya ta yi ɓari. Ko yunwa ce, ko dashen ne, ko kuwa dama haka Allah ya rubuta, ban sani ba. Ta ci gaba da amsa gaisuwata, amma ba ta sake fara gaishe ni ba.

Da aikin kaftu ya ƙare na ji an fara girbi, na shiga motar Kurfi, daga nan na taka da ƙafa. A gona na same su. Sun tara geron a gindin gawon tsakiya, bai fi dami uku da 'yan kai ba. Baba yana zaune a kan buzu yana zaɓe, yana ɗaukar zangarniya ya juya ta, mai kyau dama, ƙarama hagu. Yaya yana ɗauri. Inna ta hura wuta a gefe tana gasa wa yara ƙananan da aka ware, ranar ce aka fara ba su. Na cire takalmi na durƙusa. Baba ya amsa gaisuwata duka, bai rage komai ba, ya tambayi uwarku, ya tambayi hannun Saje.

"Ƙarfen naka na nan?"

"Tana nan, Baba."

"Tana tashi?"

"Tana tashi."

"To madalla." Ya yi tari, ya ɗauki wata zangarniya. "Gayaunarka ta yi damina uku ba hannu. Na ba wannan," ya nuna Yaya da ita, "ya fi ka iyali. Ɗakinka na nan. Duk ranar da ka zo akwai tuwo."

Na ce na gode. Ban ga abin ja ba a ciki. Na zauna ina kallon hannunsa. Can ya ɗago wata, doguwa, cikakkiya, daga cikin na dashe da suka nuna a baya, ko gama bushewa ba ta yi ba.

"Baba, a ba ni wannan. Guda ɗaya."

Ya riƙe ta bai ajiye ba.

"Ina za ka shuka ta?"

Ba gatse ya yi mini ba. Tambaya ce, kuma ya tsaya yana jiran amsa. Yaya ya daina ɗauri. Na tuna ɗakin haya, na tuna harabar da baƙin mai ya jiƙe wa ƙasa, na tuna gonakin mutane da na juya a daminar nan tun daga Makera har bakin Kurfi. Ba ko ɗaya da zan ce a nan. Baba ya jira har abin ya yi tsawo, sannan ya miƙa wa Inna zangarniyar.

"A gasa mashi."

Haka yake yi wa maƙwabci in ya roƙi ɗan-gida, ba ya hana shi, amma sai an gasa, don gasasshe ba ya tsiro. Inna ta tsaya da ita a hannu tana kallonsa, shi kuwa ya riga ya ɗauki wata yana juyawa. Ta ɗora a wuta, gargasar ta ƙone, ƙwayar ta fara fashewa. Ta kakkaɓe toka ta miƙo mini a faifai. Na murje ta a tafin hannu, na hure, na cinye duka. Geron yana da daɗi kamar kullum.